Iyakar matsi ga mai ɗura harsashin raiful da hannunsa: littafi za a bi ko alamar kwanso?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin Amurka, mai farauta da bindigar .308 Winchester, ya fara ɗura harsashinsa da kansa. Ya ce ya kai ƙarshen adadin albarushin da littafin ɗuri ya rubuta, amma kwanso lafiya lau, firaima (ɗan maɓallin gindin kwanso mai kunna albarushi) ba ta baje ba, sakata (ƙarfen da ke kulle harsashi a cikin bindiga) kuma tana buɗuwa ba gardama. Abokan harbinsa sun ce ya ci gaba da ƙarawa har sai alama ta bayyana, sannan ya ɗan ja baya. Yana son sanin ko haka ne, da kuma ainihin matsin da bai kamata a ƙetare ba, wato ƙarfin iskar da albarushi ke tayarwa a cikin bindiga lokacin harbi.

Amsa: Malam, kada ka ƙara ko ƙwayar albarushi ɗaya. Shawarar abokan naka tsohuwa ce, an daɗe ana yin ta, amma tun da na'urorin auna matsi na zamani suka shigo ɗakunan gwaji aka gane cewa alamar kwanso ba ta zuwa da wuri. Sau da yawa kafin tagulla ta nuna wani abu da ido zai gani, an riga an bar iyaka a baya. Rashin alama ba shaida ba ne cewa da sauran fili.

Ƙungiyoyi biyu ne ke yanka iyakar. A Amurka akwai SAAMI, ta masu ƙera bindigogi da harsasai, wadda aka kafa a 1926, kuma bin ƙa'idarta na ganin dama ne ga kamfanoni. A Turai akwai CIP, wadda asalinta ya koma 1914 a Beljiyam, ita kuwa doka ce a ƙasashen da ke cikinta. Ga .308 Winchester, SAAMI ta tsayar da PSI 62,000, CIP kuma bar 4,150, wato wajen PSI 60,200 (PSI da bar duk ma'aunan matsi ne). Kowane harsashi da nasa: a ma'aunin SAAMI, .30-06 Springfield da .243 Winchester PSI 60,000 ne, .270 Winchester 65,000, 6.5 Creedmoor 62,000, .300 Winchester Magnum 64,000, .223 Remington 55,000, .30-30 kuwa 42,000 kacal. Waɗannan lambobi matsakaici ne na harbi goma a bututun gwaji, ba matsin harsashi guda ba. Ma'ana, ko a ɗurin da ya tsaya daidai kan iyaka, wasu harsasan suna ɗan haurawa, kuma an riga an yi lissafin wannan. Wanda ya ɗaga matsakaicin ya ɗaga har da waɗancan masu haurawar.

Kada a ɗauki lambar SAAMI a gwama da ta CIP kai tsaye, domin ba a wuri ɗaya suke aunawa ba. SAAMI tana sa na'urar a jikin mazaunin harsashi ta yadda kwanson ne ke danna ta, ba a huda shi. CIP tana huda kwanson, iskar ta taɓa na'urar. Shi ya sa za ka ga .223 Remington a CIP bar 4,300, sama da PSI 62,000, alhali SAAMI ta ce 55,000. Sai kuma babban tarkon tsofaffin littattafai, wato CUP. Wannan tsohon awo ne da ake yi da ɗan guntun jan ƙarfe: matsi ya murƙushe shi, a auna yadda ya gajarta. Babu wani lissafi amintacce da ke mayar da CUP zuwa PSI. Dubi wannan: .223, .243, .308 da .270 duk CUP 52,000 aka ba su, amma a PSI sun zama 55,000, 60,000, 62,000 da 65,000. Mutum ya ga littafi ya rubuta 51,000 a gaban ɗurin ƙarshe, ya tuna ya ji 62,000, sai ya ɗauka yana da rarar 11,000. Ba shi da komai. Awo biyu ne daban. A duba kan shafin a ga da wanne aka rubuta.

Iyakar ba ta kwanso kaɗai ba ce, har da mafi raunin bindigar da ke cin wannan harsashin. 8x57 Mauser misali ne mai kyau. SAAMI ta tsayar da shi a PSI 35,000, CIP kuwa bar 3,900, fiye da PSI 56,000. Dalili shi ne akwai tsofaffin bindigogin Jamus ƙirar 1888 masu cin ƙwaya, wato kan harsashin da ke fita, mai kaurin inci 0.318, alhali ƙwayar da aka koma a 1905 inci 0.323 ce, sai kamfanonin Amurka suka rage ɗurin don gudun a cusa babbar ƙwaya a ƙaramin bututu. Haka .45-70, da aka bari a 28,000 saboda bindigar Springfield ta 1873. Littattafan ɗuri kan raba shi hawa uku: na tsohuwar Springfield, na Marlin 1895, da na Ruger No. 1. Wanda ya ɗauki ɗurin hawa na uku ya sa a bindigar hawa na farko, bindigar za ta iya tarwatsewa a hannunsa tun harbin farko.

Wasu kan kafa hujja da cewa ai an gwada bindigar da matsin da ya fi haka. Gaskiya ne, a ƙa'idar CIP ana harba harsashin gwaji mai kashi 125 cikin ɗari na iyaka, na SAAMI ma ya ɗan fi haka. Amma harbi ɗaya ko biyu ne, don a tabbatar ƙarfen ba shi da ɓoyayyen lahani. Ba wurin zama ba ne. Ƙarfe yana gajiya da maimaici, haƙoran sakata suna lotsawa a hankali. Kuma a bindigar zamani ba ƙarfen ne ke fara sallamawa ba, kwanson ne. Shi ne ke toshe iskar daga baya, in gindinsa ya fashe, iska mai zafi da ɓarɓashin tagulla su biyo ta sakata zuwa fuskar mai harbi. Saboda haka tabarau na kariya dole ne a duk lokacin gwajin ɗuri.

Yanzu alamomin da abokanka ke jira. Firaima, wato ɗan maɓallin da ke gindin kwanso wanda ƙusa ke bugawa, ita ce mafi yaudara. Tana iya bajewa ƙwarai a ɗuri mai sauƙi idan an matse kafaɗar kwanso fiye da kima wajen gyaransa: tana fitowa baya kaɗan, sai kwanson ya biyo ya danne ta a fuskar sakata. Ɗan tudun da ke tasowa kewaye da ramin ƙusa ma yakan zo ne daga faɗin hudar ƙusar, ba daga matsi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, firaima mai taurin ƙoƙo tana iya zama da zagayayyen gefenta alhali matsi ya haura. Alamun da suka fi gaskiya su ne tabo mai sheƙi a kan rubutun gindin kwanso, inda tagulla ta shige ramin ɗan ƙarfen da ke turo kwanso waje, da nauyin hannun sakata wajen ɗagawa, da ramin firaima da ya saki bayan ɗuri biyu ko uku har sabuwa ta shige ba tare da ka ji ta riƙe ba. Matsalar ita ce tagulla mai kyau ba ta cika fara malala haka ba sai wajen PSI 70,000. Ka ga ke nan a .308 ka wuce da dubbai kafin ka gani. A .30-30 kuwa, mai jiran wannan tabon zai wuce iyaka da fiye da PSI 20,000 kwanson bai ce uffan ba. Idan firaima ta huje, ko ta faɗo da kanta, ko baƙin hayaƙi ya zagaye ta, wannan ba gargaɗi ba ne kuma, an riga an shiga haɗari. A tsaya nan take, a kwance sauran harsasan.

Akwai masu auna faɗin gindin kwanso da maikiromita kafin harbi da bayansa. Yana buƙatar awo mai ganin inci 0.0001, da kwanso sabo na kamfani ɗaya, kuma taurin tagulla ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ni dai ban ɗauke shi abin da sabon shiga zai dogara a kai ba.

Abin da ya fi kusa da gaya maka gaskiya a gida shi ne na'urar auna gudun ƙwaya. Ba ta auna matsi, amma gudu ba ya zuwa kyauta. Idan ƙwaya iri ɗaya da albarushi iri ɗaya suka ba ka gudun da littafi ya rubuta a gaban ɗurin ƙarshe, to ka iso iyaka, ko da saura giren ɗaya ko biyu (ma'aunin nauyin albarushi da ƙwaya) ka kai adadin da aka rubuta. Sai a lura da tsawon bututu. Yawancin littattafai da bututun inci 24 suke gwaji, kuma kowane inci da aka rage yakan ci ƙafa 20 zuwa 30 a daƙiƙa. In bututunka inci 20 ne, ka sa ran ragin wajen ƙafa 100. Wanda ya matsa har gajeren bututunsa ya kamo gudun littafi, matsi ya biya da shi. Harsashin kamfani na .308 mai ƙwayar giren 150 yana fita da ƙafa 2,820 a daƙiƙa, na .30-06 mai nauyi ɗaya 2,910. Duk wanda ya ce maka yana samun gudun .30-06 daga kwanson .308 ba tare da wata alama ba, ya gaya maka matsinsa ne bai sani ba. Mai son gudun da ya fi haka, babban kwanso zai nema.

Ƙarin ma bai kai wahalarsa ba. A kusa da iyaka, matsi yana tashi da sauri fiye da gudu. A ƙiyasin da aka saba, ƙarin albarushi kashi 10 cikin ɗari yana kawo ƙarin gudu ƙasa da kashi 10, amma matsi ya tashi da kashi 20 ko fiye. Giren ɗaya a kwanson .308 abin da zai ba ka bai wuce ƙafa 50 zuwa 60 ba, wanda dabbar da ke nisan mita 200 ba za ta san da shi ba, amma zai iya ɗora dubban PSI.

Ga yadda ake hawa. A samo bayanan ɗuri daga wuri biyu aƙalla, na mai yin albarushin da na mai yin ƙwayar, irin su Hodgdon, Vihtavuori, Hornady, Sierra, Nosler ko Lyman, kuma bugu na yanzu. In sun saɓa, a ɗauki mafi ƙanƙantar iyaka. A fara daga ɗurin farawa; inda iyaka kaɗai aka rubuta, a rage kashi 10 cikin ɗari. A ce littafi ya ba da giren 42 zuwa 46: a ɗura uku-uku ko biyar-biyar a kowane mataki, ana ƙara rabin giren, in an zo giren ɗaya da rabi kafin ƙarshe a koma ƙarin 0.3. A ƙaramin kwanso irin .223, 0.2 ya isa. Giren ɗaya giram 0.065 ne kawai, don haka sikeli sai an gwada shi da ma'aunin tantancewa kafin a fara, a kuma kashe fanka. A rubuta adadin a jikin kowane kwanso da alƙalamin maka. A filin harbi a fara da mafi sauƙi, a duba kowane kwanso da gudunsa kafin a harba na gaba. In gudu ya yi tsalle fiye da yadda yake ƙaruwa a matakan baya, ko sakata ta yi nauyi, an gama; abin da ya rage a kai gida a zare ƙwayoyin. Haka kuma ba a sauka ƙasa da ɗurin farawa, musamman da albarushi mai jinkirin ci a babban kwanso, domin kamawar wutar takan rikice, ƙwaya ta maƙale ko matsi ya yi tashin da ba a zata ba.

Abin da ya fi cin mutane shi ne adadin albarushi bai canza ba amma matsi ya canza. Littafi ya yi gwaji da kwanso kaza, firaima kaza, ƙwaya kaza, a tsawo kaza, kuma kowanne ka sauya ka fita daga abin da aka gwada. Kwanson soja na 7.62 NATO, ɗan'uwan .308, yakan fi na kasuwa kauri, cikinsa ya fi ƙunci, shi ya sa ake rage giren ɗaya zuwa biyu a sake hawa. Mai son tabbatarwa ya auna kwanson da aka harba a sikeli, ya cika shi da ruwa ya sake aunawa, ya gwama da na wani kamfanin. Ƙwayoyi biyu masu nauyi ɗaya ba lalle su ba da matsi ɗaya ba: ta jan ƙarfe zalla ta fi mai cikin dalma tsawo da tauri, tana cin fili a cikin kwanso, kuma kamfanin Barnes kan ba da shawarar a fara da tazarar inci 0.050 tsakaninta da tsagin bututu, wato zanen cikin bututu da ke murɗa ƙwaya. Ita wannan tazarar muhimmiya ce ga kowace ƙwaya. In aka zaunar da ita har ta taɓa tsagin, ba ta samun ɗan zaburar farko, sai matsi ya taru a bayanta da dubbai. In kuma aka tura ta ciki sosai, fili ya ragu. Ga bindigar farauta, tsawon da littafi ya rubuta ya wadatar.

Tsawon kwanso kuma ana raina shi. Kwanso yana miƙewa da kowane harbi da gyara. Iyakar na .308 inci 2.015 ne, ana datse shi zuwa 2.005; na .223 kuwa 1.760, ana mayar da shi 1.750. In ya wuce, bakinsa zai cusa cikin maƙogwaron bututu ya damƙe ƙwayar, wuyan ya rasa inda zai buɗe ya sake ta. Daskararren baƙin hayaƙi da ke taruwa a daidai wurin yana yin irin wannan aikin, shi ya sa ɗurin da ya shekara lafiya kan wayi gari yana nuna tabo. Gwaji mai sauƙi: ɗauki kwanson da ka harba, ka zura sabuwar ƙwaya a bakinsa da hannu. Ya kamata ta shige salin-alin. In ta ƙi, wuyan ba ya samun sarari, a bincika kafin a sake harbi. Sauya firaima zuwa ta magnum mai ƙarfin wuta, ko buɗe sabon gwangwanin albarushi mai lambar rukuni daban, duk suna buƙatar a ja baya a sake hawa. Man shafawa da aka bari a jikin kwanso ko a mazauni ba ya ƙara matsin ciki, amma yana hana kwanson kama bango, sai duk nauyin ya koma kan sakata.

Sai zafi. Ɗurin da aka daidaita a sanyin digiri 5 (a ma'aunin Salshiyas) na Disamba zai iya haurawa a ranar digiri 40 ta Yuli a Texas ko Arizona. Wasu nau'o'in albarushi sun fi wasu jure canjin yanayi, amma babu wanda bai ji ko kaɗan. Harsashin da aka bari a gaban mota cikin rana, ko ya zauna minti ɗaya a mazaunin da ya yi zafi, ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba. Turawan Ingila sun san wannan tun zamanin albarushin kodayit, shi ya sa suka yi wa harsasan farautar Afirka irin .416 Rigby na 1911 ƙaton kwanso da matsi mai sauƙi. CIP ta tsayar da shi a bar 3,250. Ɗurin da zai kusanci iyaka, a gwada shi a lokaci mafi zafi da za a yi amfani da shi.

Bindigogin da suka tarwatse gaba ɗaya kuwa, galibi ba rabin giren ne ya jawo ba, babban kuskure ne. Na farko albarushin da ba shi ba: na ƙaramar bindiga yana ci da sauri ƙwarai, in aka cika kwanson raiful da shi babu sakatar da za ta riƙe. Sunaye ma suna ruɗarwa, IMR 4350 da H4350 da Accurate 4350 abubuwa uku ne daban, haka IMR 4831 da H4831. Gwangwani ɗaya tak a kan tebur, in an gama a juye ragowar a cikinsa nan take, kuma albarushin da ba a san sunansa ba zubarwa ake yi. Na biyu toshewar bututu: in harbi ya yi ƙara mai rauni ko bai yi dukan kafaɗa ba, a cire sakata a leƙa, domin firaima kaɗai tana iya tura ƙwaya ta maƙale. Laka a bakin bindiga ma haka. Na uku harsashin da ba nata ba: .300 Blackout yana iya shiga mazaunin .223, ƙwayar inci 0.308 ta tarar da bututun 0.224. Shi ma 5.56 NATO, ɗan'uwan .223 na soja, ba a sa shi a bindigar da aka rubuta .223 Remington kaɗai, saboda maƙogwaronta ya fi gajarta.

Ga masu karatu a gida, duk wannan magana ce ta ƙasashen da doka ta yarda da ɗurin hannu. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko harhaɗa harsashi da kansa. Abu ɗaya dai ya shafi mafarautanmu kai tsaye: albarushin da ke cikin harsashin zamani ba a zuba shi a bindigar toka, komai ƙanƙantarsa. Ita don baƙin albarushi aka yi ta, mai matsi kaɗan, kuma bututunta bai taɓa ganin ɗakin gwaji ba.

Kai kuma, Malam, tun da ka riga ka kai ƙarshen littafi, ka nemi na'urar auna gudu ka harba biyar. Ka gwama da gudun littafin bayan ka cire ragin tsawon bututunka. In ka yi daidai ko ƙasa, kuma kwansonka da firaimarka da ƙwayarka su ne waɗanda littafin ya ambata, ɗurin yana cikin ƙa'ida, sai dai in a sanyi ka daidaita shi ka sake gwadawa da zafi. In ka haura, ka rage giren ɗaya ka sake aunawa. Ka kuma ware kwanso biyar ka riƙa ɗura su kana harbawa: in ramin firaimarsu yana riƙe gam har bayan ɗuri na biyar, alama ce mai kyau, in ya saki a na biyu ko na uku, ka ja baya ko da gudun bai nuna komai ba. Sannan ka zura lanƙwasasshiyar waya cikin kowanne ka shafa bangon kusa da gindi, duk wanda ka ji ƙugiyar ta faɗa wani ɗan kwari a ciki ya kusa rabuwa biyu, ka murƙushe bakinsa da filaya ka jefar.